Ƙararrawar hayaƙi a gidan manomi: wutar da take ji da wadda ba ta ji

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris babu gidan da ya kai gidan manomi cika da abin da wuta ke so. An kawo gero da dawa an zuba a rumbu, harawar wake da ta gyaɗa na kan rumfa, an jingine kara a bayan katanga, buhunan shinkafa sun cika ɗaki guda har bakin ƙofa. Ga jarkar fetur ta injin ban ruwa, tunda noman rani ya kankama a fadama. In bakin ruwa ne, wajen su Warrah da Zamare da tsibiran cikin tafkin Kainji, ga wutar banda da ba ta mutuwa dare da rana. Ita kuma iskar hunturu ta busar da komai ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa.

A irin wannan lokaci ne tambaya ke yawan tasowa a taron ƙungiyoyin manoma a kan wata 'yar na'ura fara, mai kama da murfin kwano, da ake mannawa a silin, wadda ke tsala ƙara idan ta ji hayaƙi. Wasu sun gan ta a otal ko a banki a birni, wasu 'ya'yansu ne suka gani a waya suka ce a saya. Tambayar kullum ɗaya ce: Malam, in na saya na manna, na huta da fargabar gobara? Amsar ita ce a'a. Tana da amfani, akwai ma ɗakunan da nake ba da shawarar a sa ta. Sai dai an ƙera ta ne domin wani irin gida da ba irin namu ba, kuma yawancin wutar da ke cin dukiyar manomi tana tashi ne a inda hancin na'urar ba ya kaiwa.

Aikinta ɗaya ne tak

Ƙararrawar hayaƙi ba ta kashe wuta, ba ta rage mata gudu, ba ta kiran kowa a waya. Ihu kawai take yi. Amma kada a raina ihun. Da yawa muna ɗauka cewa ƙauri zai tashe mu daga barci, alhali hancin mai barci ba ya yi masa gadi. Hayaƙi yana ɗauke da iska mai guba da ke ƙara nutsar da mutum cikin barcinsa, shi ya sa mafi yawan waɗanda gobarar gida ke kashewa, hayaƙi ne ya gama da su tun kafin harshen wuta ya taɓa su. A Amurka, ƙungiyar NFPA mai tattara bayanan gobara ta daɗe tana nuna cewa kusan 3 cikin kowane 5 na waɗanda suka mutu a gobarar gida, a gidajen da babu ƙararrawa ne, ko akwai amma ba ta aiki. Ka riƙe wannan na biyun, "akwai amma ba ta aiki", domin shi ne zai fi samun mu a nan.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai amfani da haske: a cikinta akwai ɗan hasken da ba ya faɗawa kan idon na'urar sai hayaƙi ya shiga ya watsa shi, sannan ta yi ƙara. Wannan ta fi saurin jin wutar da ke cin ƙasa-ƙasa, irin ta katifa ko tarin tsumma ko buhunan da suka kama a hankali. Akwai kuma wadda ke ɗauke da ɗan ƙaramin sinadari mai fitar da tururin nukiliya, za ka gane ta da wata alama a bayanta mai kama da fanka mai fiffike uku. Ita ta fi saurin jin wutar da ta tashi da harshe, amma ta fi yawan ƙarar banza idan hayaƙin girki ya gifta. Ga ɗakin kwana irin namu, inda igiyar leko da katifar soso ke kwana tare, mai haske ta fi dacewa.

Ko wacce iri ce, sai hayaƙi ya shiga cikinta take sanin ana gobara. Daga nan matsalarmu ta fara.

Gidan da aka ƙera ta dominsa

Ka yi tunanin gidan Bature: rufi ɗaya ya rufe komai, ɗakuna na buɗewa cikin lungu ɗaya, akwai silin, an rufe tagogi saboda sanyi. Duk inda wuta ta tashi, hayaƙi zai hau sama ya bi silin har ya tarar da na'urar, kuma kowa na kwance kusa da ita.

Yanzu ka dubi naka. Zaure daban, turakar mai gida daban, ɗakin uwar gida da na amarya kowanne ƙofarsa na kallon tsakar gida, shagon samari na waje, madafa na can gefe, rumbu da turken dabbobi a baya. Tsakanin su duka sararin Allah ne. Idan harawa ta kama a bayan gida, hayaƙinta sama zai yi, iska ta kwashe shi. Na'urar da ke manne a turaka ba za ta ce uffan ba sai wutar ta ci danni ta hau jinka ta shigo, lokacin kuwa ba ka buƙatar mai gaya maka. Ko a garuruwan da aka sake wa matsuguni bayan an gama madatsar Kainji a 1968, inda aka gina wa mutane ɗakunan siminti, iyali sun yi yawa, an ƙara bukkoki da rumfuna da zana a tsakankanin ginin. Abin da ke kamawa da wuri yana waje.

Abubuwa biyu da suka faru ba da nisa da mu ba sun isa misali. A watan Fabrairun 2025 gobara ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Kaura Namoda ta Jihar Zamfara, yara 17 suka rasu, kuma rahotanni sun danganta ta da karan da aka tara kusa da wurin. A Nuwamban 2021 kuma, a Maradi, azuzuwan zana suka kama da rana tsaka, yara aƙalla 25 suka rasu. A Maradi babu wanda ke barci, kowa ya ga wutar. Gudunta ne ya fi na yaran. Babu ƙararrawar da ke sayo maka lokaci a cikin ɗakin ciyawa. Abin da ke sayowa shi ne tazara tsakanin abin kamawa da wurin kwana, da ƙofar da ke buɗewa nan take.

Sai yanayinmu. Yawancin waɗannan na'urori an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 38 ba. A Yelwa zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40 a inuwa, ballantana ƙarƙashin kwanon da babu silin. Irin wannan zafi yana cinye batir, yana gajiyar da na'urar, kuma iskar zafi da ke taruwa a ƙarƙashin kwano tana iya tare hayaƙi ta hana shi isa sama inda aka manna ta. Ƙurar hunturu tana toshe ƙofofinta, ko ta shiga ciki ta sa ta riƙa ƙara babu dalili. Gizo-gizo na yi mata saƙa, zanzaro na iya liƙe ta da laka, ƙananan ƙwarin bakin ruwa da ke bin haske da damina suna shiga ciki.

Ƙarar banza ita ce ke kashe na'urar a hannun mutane. An hura itace da asuba, ta yi ihu. An sa turaren wuta, ta yi ihu. An turara shinkafa a tsakar gida iska ta kaɗo hayaƙin, ta yi ihu. Kwana uku ana haka, sai wani ya hau kujera ya zare batirin, ya sa a rediyo ko ya ajiye "sai anjima". Haka ma idan batir ya yi sanyi, takan riƙa ɗan kuka kamar gyare bayan kowane minti guda ko ƙasa da haka, sau da yawa tsakar dare. Mai gida ya cire don ya samu barci, shi ke nan ta zama ado. Ni a ganina na'urar da babu batir ta fi rashinta muni, domin mutanen gida na kallon ta suna jin akwai mai gadi.

Wa take tasarwa?

Ƙararta tana da ƙarfi idan kana ɗakin, amma bangon laka da rufaffiyar ƙofa da kukan janareto ko fanka suna cinye ta. Tsoho mai nauyin ji ba lallai ya ji ba, domin siririyar ƙara ce, kuma irinta kunnen tsufa ke fara rasawa. Wanda ya wuni a fadama ya dawo ya zube, ko wanda ya sha maganin mura mai sa barci, shi ma sai a hankali.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yara. A Birtaniya, bayan wata gobara da ta kashe yara 6 a garin Darbi a 2012, masu bincike tare da 'yan kwana-kwana sun gwada ƙararrawar a kan yara 34 suna barci a gidajensu. Yara 27 ba su motsa ba duk sau nawa aka kunna. Wato ko ka sa ta a ɗakin yara, kada ka ɗauka za su tashi su fito da kansu. Babba take tasarwa, shi kuma ya san tun kafin ranar wane yaro zai ɗauka, wane ɗaki zai buga.

Iskar da ba ta ji ko kaɗan

Akwai masu kisa biyu da ƙararrawar hayaƙi ba ta san da su ba. Na farko iskar da gawayi da janareto ke fitarwa, wadda ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Da sanyi mutane na shiga da kaskon garwashi ɗaki su rufe ƙofa da taga, musamman ɗakin mai jego da na tsofaffi. Wasu na shigar da janareto zaure ko lungun ɗaki saboda ɓarayi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, kuma sau da yawa duk 'yan ɗakin lokaci guda. In ka ga haka, a fitar da kowa waje, a buɗe ko'ina, a tafi asibiti. Wannan iska tana da tata na'urar daban, amma maganinta na asali kyauta ne: kasko ya ɗumama ɗaki a fitar da shi kafin a kwanta, janareto kuma ya kwana a fili, nesa da taga.

Na biyu yoyon gas na girki da tururin fetur. Su ma ba hayaƙi ba ne, kuma sun fi iska nauyi, ƙasa suke bi, na'urar kuwa tana sama.

To a ina ya kamata a sa ta?

A ɗakin kwana mai silin da ake rufewa da dare, musamman inda ake cajin waya, ko akwai batirin sola, ko ana kunna igiyar leko. A shagon da wani ke kwana a ciki. A ɗakin da ke manne da sito. A makarantar kwana da ɗakin almajirai in ginin rufaffe ne. A manna ta a tsakiyar silin, ko a bango kamar taƙi ɗaya ƙasa da silin, ba a saitin fanka ko bakin taga ba, kuma aƙalla mita 3 daga murhu. Kowane ɗakin kwana da tasa; guda ɗaya ba ta gadin gida mai ɗakuna biyar.

Kafin ka biya kuɗi, juya bayanta ka duba ranar da aka ƙera ta. Shekara 10 ce iyakar ranta, ko da tana ƙara idan an danna. Na gwanjo da yawa sun riga sun ci rabin shekarunsu ko sun wuce. Akwai maɓalli a jikinta, a danna sau ɗaya a wata a ji ko tana da rai. A sauya batir sau ɗaya a shekara, ni na fi son a ɗaura shi da shigar amfanin gona gida don kada a manta. Da hunturu a riƙa kakkaɓe ta da busasshen burushi. Kada a shafa mata fenti, kada a fesa mata maganin sauro.

Ba mu kaɗai ke da matsalar hayaƙin girki ba. A unguwar Kayelitsha ta birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu, wata gobara ta ranar 1 ga Janairun 2013 ta raba dubban mutane da matsugunansu. Bayanta wasu matasa suka fito da na'urar da ake kira Lumkani, wadda ba hayaƙi take aunawa ba, saurin hawan zafi take aunawa, domin a can ma ana girki da wuta a cikin ɗaki. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne idan ta gida ɗaya ta yi ƙara ba a kashe ta ba, sai na maƙwabta su ma su ɗauka. Sun gane cewa a unguwar da rufi ke taɓa rufi, gobarar mutum ɗaya ta kowa ce. Mu nan muna da abin da zai yi wannan aikin: lasifikar masallaci, usur, tsohon ƙarfen mota da aka rataye a bishiya. Abin da ya rage shi ne a yarda a kan alama ɗaya da kowa ya san ta gobara ce.

Zagayen dare

Abin da ya fi kowace na'ura a gidan manomi shi ne mutum ɗaya da aka ɗora wa zagaya gida kafin a kwanta. Ba "kowa ya duba" ba, domin abin kowa ba na kowa ba ne. Minti biyar ne. Ya fara da murhu: a yayyafa ruwa, ko a rufe rushin da toka sosai a kifa tsohon kwano a kai. Toka tana riƙe wuta har gobe, kowace uwar gida ta san haka tunda da ita ake hura ta safe. Saboda haka kada a kwashe toka a zuba a juji ko gindin danni sai an jiƙa ta. Gobarar rana da yawa daga nan take: an zubar da toka da hantsi, iska ta taso da azahar, maza na gona.

Daga murhu sai ɗakuna. Igiyar leko a kan ƙarfenta, a cikin faranti ko kan yashi, nesa da gidan sauro da labule da gefen katifa. Katifar soso idan ta kama, baƙin hayaƙinta na cika ɗaki cikin 'yan mintuna. Kyandir da aci-balbal a kashe. Fitilar sola ta yi arha yanzu, babu dalilin barin yaro ya yi karatu da kyandir a kan tabarma. Waya kada ta kwana tana caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi. Idan an ɗauke wuta, a kashe soket a zare hita da dutsen guga, domin wutar kan dawo lokacin da kowa ya yi barci ko ya fita, hita na cikin bokitin roba da ruwansa ya ƙare. Haɗin sola da yaron unguwa ya yi da siririyar waya, an murɗa an naɗe da leda, babu fis a kusa da batir, a kira mai sana'ar ya gyara. Batir ba ya jiran NEPA, wutarsa na nan ko da tsakar dare.

Fetur shi ne na fi jin tsoro a ƙasar nan, domin kusan kowane gida na da dalilin ajiye shi: injin ban ruwa, injin jirgi, babur, janareto. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ya zama dukiya, mutane na ɓoye shi a ɗakin kwana, har ƙarƙashin gado. Ba sai wuta ta taɓa jarkar ba. Tururinsa na fita ta murfin da bai rufu ba, ya bi ƙasa ya tarar da igiyar leko ko fitila, wutar ta biyo shi ta dawo jarkar. A yi masa ɗan ɗaki nasa na laka ko bulo a gefe, mai iska, mai kwaɗo. Kada a zuba wa inji mai yana aiki ko yana da zafi, kada a haska tanki da ashana ko fitilar ƙwai. Jarkar fetur daban, ta kananzir daban, a yi musu alama. Ɗan fetur kaɗan a cikin kananzir ya isa ya fasa fitila ko risho. Kuma ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukar ta yake ya yaɗa. Yashi ake zubawa.

Haka wutar mai a kaskon suya, na ƙosai ne ko na kifi ko na ƙuli-ƙuli: a rufe da murfi ko faranti, a janye itacen ko a kashe gas. Wanda ya watsa ruwa, fuskarsa man zai tarar. Mai tukunyar gas ya riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, in ya yi kumfa akwai yoyo. In an ji warinsa, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunyar a buɗe ƙofa.

Masu banda, ku kun fi ni sanin cewa kitsen kifi idan ya ɗiga a garwashi wuta na tashi sama lokaci guda. Haɗarin shi ne rumfar ciyawa da ke kanta, da tarin itacen da ke jingine a jikinta, da barin ta cikin dare babu kowa. A ɗaga rumfar ko a sa mata kwano, a matsar da itace, a ajiye bokitin yashi da na ruwa. Murhun banda mai bango, irin Chorkor da ya samo asali daga Gana, yana tsare wutar a ciki kuma yana rage cin itace. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ta daɗe tana aiki a kan ingantattun murahun banda, ƙungiyar masunta na iya neman shawararta. A tsibiri dai a sani, motar kashe gobara ba ta hawa kwale-kwale.

Akwai wani abu a sito da mutane ba sa dangantawa da wuta: ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi. Danshi ne ke sa ta fitar da iskar da ke kashe ƙwari, iskar kuma tana kashe mutum, kuma tana iya kamawa da kanta idan an tara ƙwayoyin wuri ɗaya ruwa ya taɓa su. Kada a sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi, kada a zuba mata ruwa, kada a bar gwangwaninta inda rufi ke yoyo. Wanda zai iya, buhun PICS mai leda biyu a ciki ya raba shi da wannan duka. Harawar da aka ɗaure aka tara da sauran danshi ita ma tana yin zafi daga ciki. A tura hannu cikin tarin, in ya yi ɗumi a warware a shanya.

Game da tazara, shawarata a bar aƙalla taku 15 tsakanin tarin kara ko harawa da murhu ko ɗakin kwana. Na san a cikin gari fili ya yi ƙaranci, amma ko raba tarin gida biyu aka yi an rage asara. Rumbun da ke bayan gari, da rumbun albasa na kara da ciyawa, a share musu ciyawa zagaye, faɗin mita 3 ko fiye, tun kafin masu farautar gafiya da masu ƙona saura su fara.

Ƙofa

Nan ne maganar ke da wuya. Halin tsaron da ake ciki a yankin nan ya sa kowa ya ƙara sakata, ya sa ƙarafa a taga, wasu har kwaɗo biyu. Ba zan ce wa kowa ya bar ƙofarsa a buɗe ba. Amma abin da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana ka fita. Makulli ya kasance a ƙusa ɗaya kusa da ƙofa, ƙasa-ƙasa inda hannu zai same shi cikin duhu, kowa ya san wurin. A kowane ɗakin kwana a sa mai walda ya yi wa ƙarfen taga ɗaya hinji da sakata ta ciki. Buhuna da babur kada su tare hanya. Sannan babbar magana: kada a kulle yara ta waje a tafi kasuwa ko biki ko ban ruwan dare. In dole ne a fita, a kai su maƙwabta.

A koya wa yara abu uku, a gwada da su da rana kamar wasa. In ɗaki ya yi hayaƙi a rarrafa, iska mai kyau tana ƙasa. In an fita a taru a wuri ɗaya da aka sani, gindin bishiyar ƙofar gida misali, don a ƙirga kai; mutane na komawa cikin wuta neman yaron da tuni ya fita. In tufa ta kama kada a ruga, a kwanta a yi birgima, na kusa ya lulluɓe shi da bargo ko buhun algarara. Yadin roba na narkewa ya manne a fata, mata masu girki da dogon mayafi su lura. Kuma wanda ya fita kada ya koma don kuɗi ko takardu ko akuya.

Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta na minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ban da man goge baki, ban da manja, ɗanyen ƙwai, gishiri ko baƙin mai. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, hannu, gaba, ko kowace ƙuna a jikin jariri, asibiti za a nufa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma shugabannin ƙungiya su nemi lambar ofishin kashe gobara mafi kusa su rubuta a bangon sito, su kuma gwada ta tun babu abin da ya faru.

Ga sito na ƙungiya, inda amfanin mutum talatin ko hamsin ke kwance wuri ɗaya, wani lokaci ma da bashi a kansa, ƙararrawa ba ta da amfani idan babu mai kwana kusa da zai ji ta. A fara da mai gadi da usur. A fitar da fetur da maganin feshi daga inda hatsi yake. A jera buhuna a bar hanya tsakaninsu da bango, a kashe wutar sito daga waje idan an rufe. Durom biyu na ruwa da bokitan yashi a bakin ƙofa, a sa sunan wanda zai riƙa cika su a littafin taro. In an sayi tukunyar kashe gobara, a duba allurarta tana kan kore, kuma mutum uku aƙalla su iya zare fil ɗin su fesa a gindin wuta. Littafin ajiya da ke nuna buhun wane nawa ne, a ɗauki hotonsa a waya duk ranar kasuwa, kwafi ɗaya kuma ya kwana a gidan ma'aji.